Kafin ka sayi injin Beljiyam ka ɗora wa motarka

Idan inji ya buga, mai mota yakan iso gareji ya riga ya yanke shawara tun a hanya: "Malam, a sauke wannan kawai a ɗora na Beljiyam." Ni bakanike ne a Kano, Toyota da Honda na fi taɓawa, kuma ɗora inji aiki ne da ke kawo mini kuɗi. Amma ba na cewa to nan take. Tambaya ɗaya nake fara yi: Alhaji, me ya kashe wanda ke ciki? Mafi yawansu ba su da amsa. A wurina kuwa, wanda bai san amsar nan ba lokacin zuwansa kasuwa bai yi ba tukuna.

Inji ba ya mutuwa haka siddan. Zafi ne ya fi kashe shi a ƙasar nan. Lagireto ta toshe da tsatsa saboda shekara da shekaru ana ɗura mata ruwan rijiya, ko fanka ta daina tashi, ko famfon ruwa ya gaji, direba kuma ya ga allurar zafi ta hau ya ce bari dai ya ƙarasa gida. Sai baƙin mai, ko an zuba jabu, ko ya ƙone ya ƙare ba a duba ba, ko an bar shi wata da watanni babu juye. Da damina kuma akwai masu kutsawa cikin ruwa mai zurfi, inji ya zuƙa ta bakin iska, sandar fistin ta lanƙwashe. To lagireto da fanka da bututan ruwa ba sa cikin abin da za ka sayo. Suna nan a jikin motarka, kuma duk injin da aka ɗora da su zai yi aiki. Idan su suka kashe na farko, na biyun ma ba zai kai ko'ina ba. Don haka ka sa bakanikenka ya nuna maka musabbabin da idonka, a saka kuɗin gyara shi cikin lissafi tun farko.

Daga nan ka tabbatar injin ya mutu da gaske. Akwai injuna da yawa da ake yanke wa hukunci alhali gasket ce kawai ta ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da bulok. A cire fulogai, a ɗaura ma'aunin kwamfireshin, wato abin auna ƙarfin matsi, a gwada kowace silinda. A injin 1ZZ-FE na Corolla, lafiyayye yana ba da wajen psi 189, mafi ƙarancin da aka yarda da shi 145 ne, kuma bai kamata tazarar da ke tsakanin silinda da silinda ta wuce 15 ba. Idan biyu da ke maƙwabtaka da juna ne suka faɗi tare, yawanci gasket ce ta fashe a tsakaninsu. Idan an ɗiga ɗan baƙin mai a ramin fulogi matsin ya tashi, ringi ne suka cinye. Ka saurari ƙarar ma. Ƙas-ƙas mai sauri daga sama sau da yawa gyara ne mai sauƙi. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa idan an taka totur, metal ne ya tafi, wato 'yan ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, kuma ƙila ya ci karanshaf ɗin. Idan bulok ya tsage ko sandar fistin ta huda shi ta fito, babu sauran magana, sai wani injin.

Tsakanin waɗannan biyun ne shawara ke da wuya: a buɗe naka a yi masa aiki, ko a sayo wani? Amsar tana bin irin injin. Tsohuwar Camry ta 1997 zuwa 2001 mai injin 5S-FE bulok ɗinta baƙin ƙarfe ne, ana iya faɗaɗa silinda a sa fistin mai girma, a gyara karanshaf, ta sake yin shekaru tana aiki. Amma 1ZZ-FE na Corolla da 2AZ-FE na Camry mai bi mata alminiyam ne, da siririyar rigar ƙarfe a cikin silinda wadda ba a yi ta don a faɗaɗa ba. Idan irin waɗannan suka sha zafi sosai, bulok da kan silinda sukan murɗe, wani lokaci ramukan kusoshin kan silinda su zame, kuma an san 2AZ-FE na 2002 zuwa 2006 da wannan matsalar. A nan ina karkata ga sayen wani. Idan kuma shan mai ne kawai, silinda ba ta karce ba, kuma ka san tarihin motarka, na fi son a buɗe naka a sa ringi da gasket da metal na asali. Sharaɗin shi ne kayan su zama na asali kuma mai haɗawa ya yi amfani da ma'aunin ɗauri. Ringin jabu da ɗaurin ƙiyasi su suka ɓata wa gyaran inji suna, har mutane suke ganin duk injin da aka buɗe ya gama yawo.

Akwai kuma motar da ba ta cancanci inji ba ko kaɗan, kuma ina faɗa wa mai ita ko da ba zai ji daɗi ba. Giya tana jinkiri kafin ta shiga, ƙasan mota ya ruɓe, an yayyanka wayoyi an ɗaɗɗaure da leda, ƙafa duk ta saki. Ka zauna da biro. Kuɗin inji daban, kuɗin ɗauko shi daban, ga ladan bakanike da na rewaya, ga baƙin mai da filta da fulogai da bel da famfon ruwa, ga lagireto idan ita ce mai laifi. Ban rubuta farashi ba don yana bin dala, na wannan watan ba shi ne na wata mai zuwa ba. Ni dai ma'aunina shi ne, idan jimillar ta haura rabin abin da motar za ta yi a kasuwa tana lafiya, kuma ga wani babban gyara yana jira, gara ka sayar da ita a yadda take ka cika ka sayi wata.

Idan lissafi ya nuna saye, to ga kasuwa

Mu a Kano Ƙofar Ruwa muke fara zuwa. Mutanen Kaduna suna da Panteka, na Abuja suna da Apo, kuma kaya da yawa daga Ladipo ta Legas suke haurowa bayan sun sauka a Apapa ko Tin Can, wasu kuma ta Kwatano. Sunan Beljiyam ya zama na duk kayan da aka yi amfani da su a waje, ko daga Turai suka fito, ko Amurka, ko Japan, ko ta Dubai suka biyo. Injunan Japan sun yi suna saboda a can ana yi wa mota binciken lafiya mai tsada, na farko bayan shekara 3, daga nan duk shekara 2, shi ya sa mutane da yawa suke rabuwa da mota ba ta tsufa ba. Wannan gaskiya ne, amma kada ya ruɗe ka. Corolla ta Amurka ta bar 1ZZ-FE ta koma 2ZR-FE tun samfurin 2009. Ke nan duk 1ZZ da za a nuna maka tsoho ne, komai ƙyallinsa. Kuma inji ba ya ɗauke da agogon kilomita a jikinsa. Idan ɗan kasuwa ya ce maka bai yi tafiya ba, abin da aka faɗa masa ne yake faɗa maka.

Kafin ka fita, ka ɗauki hoton lambar tsohon injinka. Tana nan a buge a jikin bulok, yawanci kusa da inda giya ke haɗuwa da shi, harafin samfuri a gaba, lamba a biye. Wannan hoton ya fi duk wani bayani na baki amfani, saboda injuna da yawa kamarsu ɗaya a ido. Corolla ta Turai tana zuwa da 3ZZ-FE mai lita 1.6 da 4ZZ-FE mai lita 1.4, kuma idan aka jera su da 1ZZ-FE mai lita 1.8 a ƙasa, ba kowa zai bambance su ba. An taɓa kawo mini wata Corolla, mai ita yana kukan tun da aka ɗora mata inji ba ta da ƙarfi, in ya kunna esi da fasinja a baya sai ta riƙa ja da ƙyar. An canza masa fulogai, an wanke nozul, an sayi famfon mai, duk a banza. Na sa yaro ya goge wurin lambar da tsumma da ɗan fetur, muka haska fitilar waya, sai ga 4ZZ. Kuɗin 1.8 ya biya, 1.4 aka ba shi, kuma kwanakin garanti sun riga sun wuce. Haka ma a kula da 1AZ-FSE na Japan, wanda ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, tsarinsa daban ne da 1AZ-FE, da kuma 2AZ-FXE wanda na mota mai haɗin batir ne. Harafi ɗaya a ƙarshe yana iya jawo maka wata guda a wurin rewaya.

Ko samfurin ya zo ɗaya, shekara tana da tasiri. Corolla ta Amurka ta 2003 da 2004 totur ɗinta na waya ne, daga 2005 ya koma na lantarki. Wannan ba ya hana ciniki, domin ana iya ciro bakin iska da totur da wayoyi daga tsohon injinka a mayar kan sabon. Shi ya sa nake cewa kada ka sayar da tsohon, kada ka bari a ba da shi a cikon kuɗi, sai motar ta tashi ta yi tafiya. Kuma burenbos ɗinka, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ka riƙe abinka, musamman in motar mai makullin tsaro ce, saboda shi da makullin a haɗe suke.

Yanzu ga injin a ƙasa a gabanka, kan tsohuwar taya. Kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka je da yamma ana shirin rufe shago. Abu na farko, ni injin da ya sha wanka yana ƙyalli tsoro yake ba ni. Wanda ya zo da ƙurarsa da busasshen mai yana nuna maka inda yake yoyo da inda ba ya yi. Wanda aka wanke da fetur aka fesa masa fenti ruwan azurfa, wataƙila na gida ne da aka sauke daga wata motar haya aka yi masa kwalliya. Ka duba kawunan kusoshi. Idan sufana ta taɓa hawa kansu za ka ga gefensu ya yi haske ko ya ɗan cinye. Ka bi bakin kwanon mai da murfin gaba da yatsa. Gam na kamfani siriri ne, a daidaice, launi ɗaya. Idan ka ga ja ko shuɗi ya tsattsafo waje kauri-kauri, hannu ya taɓa shiga cikin injin nan.

Ka buɗe murfin zuba mai ka leƙa da fitila. Ƙarfe mai ruwan zuma alama ce ta injin da aka riƙa yi wa juye a kan lokaci. Baƙin dasƙararren datti alama ce ta sakaci. Idan ka ga kumfa mai launin shayi da madara a ƙarƙashin murfin, ruwa ya haɗu da mai. A cire fulogai huɗun a jera su yadda suke a inji. Ya kamata su yi kama da juna, bushe, ruwan ƙasa-ƙasa. Wanda ya jiƙe da baƙin mai yana nuna silindar da ke shan mai, wanda ya fita fes fiye da 'yan'uwansa kuma ruwa ne ke wanke shi. Fulogai sabbi ful a tsohon inji su ma abin tambaya ne. Yanzu akwai 'yar kyamara mai siririyar waya da ake haɗawa da wayar hannu, ba ta da tsada. A zura ta ramin fulogi a ga bangon silinda, ko akwai karce a tsaye, ko tsatsar ruwan da ya kwanta. Motocin da ambaliya ta ci a Amurka suna shiga gwanjo, injunansu kuma suna isowa nan, don haka ka leƙa bakin iska ko za ka ga busasshiyar laka.

Sai a sa sufana a kusar fulin karanshaf a juya shi da hannu, zagaye biyu cikakku. Idan babu fulogai a ciki, ya kamata ya juya sumul ba tare da ya cije ba. A mayar da fulogai a sake juyawa, za ka ji yana turjewa sau huɗu da ƙarfi iri ɗaya. Ka kama fulin ka ja gaba ka tura baya, bai kamata ka ji yana wasa ba.

Abin da na fi nacewa a kai shi ne kwanon mai. 'Yan kasuwa da yawa ba sa so, za su ce in an buɗe ka saya. Sai in ce na yarda, in ya fita lafiya mun saya, kuɗin gam kuma a kanmu. Idan an sauke kwanon, ka fita da shi rana, ka dangwali ragowar man da ke ƙasa ka murza tsakanin yatsu biyu. Idan ka ga ƙananan ɓurɓushi suna walƙiya, masu ruwan azurfa ko na jan ƙarfe, metal ne ke narkewa, ka aje ka yi gaba ko da rabin kuɗi aka bar maka. Ka duba rariyar da ke zuƙo mai ko ta toshe. Daga ƙasan nan kuma kana ganin sandunan fistin, wadda ta yi baƙi ko shuɗi fiye da sauran ta taɓa shan wuta. Wanda ya ƙi a buɗe, ya ƙi a juya, ya ƙi ba da garanti, ka yi masa sallama cikin mutunci, akwai wani shagon a gaba.

Garanti a kasuwa yawanci 'yan kwanaki ne, kuma na baki ne. Ka nemi a rubuta. A rasit a sa sunan shago da lambar waya, samfurin inji da lambarsa cikakkiya, da adadin kwanakin. Ka roƙi a fara ƙirga daga ranar da aka tayar da shi a mota, domin ɗora inji kan ci kwana biyu ko uku, in daga Legas za a turo kuma hanya kaɗai za ta cinye kwanakin. A fayyace abin da zai sa a karɓa: hayaƙi, bugu, zafi, haɗa mai da ruwa. A fayyace kuma ko canji za a yi ko mayar da kuɗi, da wanda zai biya ɗauko da mayarwa. Ladan bakanike na saukewa da sake ɗorawa kusan kullum kan mai mota yake faɗawa, ka sani tun yanzu. Bayan an gama ciniki ka yi wa injin alama da fenti a wuri biyu, ka ɗauki hotonsa da lambar, ka tsaya har a loda shi. Idan wurin lambar ya nuna alamar an goge shi da dutsen wuta ko an sake bugawa, kada ka saya ko nawa ne, ƙila na sata ne.

Maganar la'ada ma gara a yi ta a fili. A kasuwa an saba ba bakanike wani abu idan ya kawo mai saye, kuma daga aljihunka yake fitowa. Ka ce masa, "Malam, nawa ne ladanka na raka ni da dubawa? Ni zan biya." Bakaniken kirki zai ji daɗin haka, domin ya sami damar cewa wannan injin bai yi ba ba tare da ya yi asara ba.

Wani abu da ya yawaita tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 shi ne masu mota mai fulogi shida suna zuwa a mayar musu da ita mai huɗu. Yana yiwuwa, amma ba inji kaɗai za ka saya ba. Giya, burenbos, wayoyi gaba ɗaya, kujerun inji, shaf, salansa, duk sai an canza, kuma motar da ta fito daga wannan aikin ba ta cika rabuwa da fitilar gargaɗi ba, a kasuwa ma darajarta faɗuwa take. Shawarata, ka sayar ka sayi mai huɗu ta asali.

Ranar ɗorawa

Tun injin yana ƙasa a canza abubuwan da ke da wuyar kaiwa in ya hau: sil na bayan karanshaf, famfon ruwa, bel, da faifan kulochi idan giyar hannu ce. Mai bel na tayimin irin 5S-FE a sa masa sabo, kada a dogara da wanda ya zo da shi. A wanke lagireto ko a canza ta, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske. Kuma ina roƙonka kada ka yarda a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye da sunan wai injin na ƙasar sanyi ne. Injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan fetur fiye da kima, man da bai ƙone ba yana wanke bangon silinda, ringi su cinye da wuri. Idan tsohon injin ya daɗe yana ƙona mai, a duba abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, wanda muke kira indomi, domin in ya toshe zai shaƙe sabon. Baƙin mai a zuba wanda littafin motar ya ce, na Corolla mai 1ZZ-FE 5W-30 ne, kuma a saye shi inda aka amince.

Kwanakin garanti na gwaji ne, kada ka aje motar a gida kana lallaɓa ta. Tayarwar farko fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan. Ɗan hayaƙi na mintunan farko ba komai ba ne, man da ya kwanta ne ke ƙonewa. Gwajin gaske shi ne washegari da asuba, inji a sanyaye: ka sa wani ya tayar, kai kana tsaye a baya. Shuɗin hayaƙi mai ne, fari mai kauri da ba ya washewa ruwa ne. A sa kwamfutar gwajin mota a karanta ko akwai matsala. Ka hau babban titi da esi a kunne, ka shiga cunkoson tsakar rana, idonka na kan allurar zafi. Kowace safiya kafin a tayar ka zaro sandar mai ka duba, ka leƙa ruwa, ka duba ƙasan da motar ta kwana. In ka ga abin da bai yi maka ba, ka kira mai shago a ranar, ka tura masa bidiyo, kuma kada kowa ya buɗe injin, domin da an kwance kusa ɗaya garanti ya faɗi. In komai lafiya, ka yi juyen farko da wuri don a fitar da dattin zaman da ya yi.

Saura takardu. Lambar inji tana cikin takardun motarka, kuma yanzu ta daina dacewa da abin da ke ƙarƙashin bonet. Ka ɗauki rasit ɗin da takardun ka je ofishin lasisin mota na jiharku a gyara, ka bar kwafin rasit a cikin motar saboda masu bincike a hanya, asalin kuma ka adana shi a gida, domin duk wanda zai sayi motar nan gaba sai ya nema.